Tsokaci a Kan Ayar Taruwa: Ibraniyawa 10:25 a Idon Ɗalibin Harshe

Gabatarwa

A cikin ayoyin Littafi Mai Tsarki da suka shafi taruwar masu bi, da wuya a sami wadda ta kai Ibraniyawa sura ta 10, aya ta 25 yawo a bakin jama'a. Da ita fasto yake jan kunnen wanda aka yi makonni ba a ga ƙeyarsa a coci ba. Da ita uwa take tayar da ɗanta ranar Lahadi da safe. Ita ce kuma aka yi ta ja-in-ja a kanta a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe wuraren ibada. Abin da ta ƙunsa, in na faɗe shi da bakina, gargaɗi ne ga masu bi da su guji juya wa haɗuwarsu baya, abin da wasu cikinsu suka riga suka mayar ɗabi'a, su riƙa ba juna ƙarfin gwiwa, musamman ganin wata rana da ake jira ta ƙarato.

Ba wa'azi na zo yi a wannan fili ba, domin mujallarmu ta ɗaliban harshe ce, masu karanta ta kuwa akwai Musulmi akwai Kirista. Abin da nake so in nuna shi ne, ayar nan guntun jimla ce, ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma wanda ya yanke ta daga jikin jimlarta zai fito da ma'anar da ta gaza ta marubucin. Kayan aikin da zan yi amfani da su waɗanda muka saba da su ne a aji, wato ginin jimla da ƙirar kalma da ilimin ma'ana da fassara. Kalmomin Girkanci da zan ambata na rubuta su ne da haruffanmu, gwargwadon yadda ake furta su.

Inda jimlar ta faro

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, lambobin sura da aya ba marubutan littafin suka sa su ba. Tsofaffin takardun Sabon Alkawari an rubuta su ne da manyan haruffa a jere, babu ko tazara tsakanin kalma da kalma. Rabon surori da ake amfani da shi yau ana danganta shi ga Stephen Langton, babban limamin Kantabari da ya rasu a 1228. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani maɗaba'i ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a bugunsa na 1551. Ɗansa ya ba da labari cewa a kan hanyar tafiya daga Faris zuwa Liyon uban ya yi aikin, shi ya sa masana suke raha da cewa duk inda dokinsa ya yi tuntuɓe nan ya ɗiga lamba. Lambobin suna da amfani wajen neman wuri, amma sun koya wa mutane kallon kowace aya tamkar karin magana mai zaman kanta.

A Girkanci, daga aya ta 19 har zuwa ta 25 jimla ɗaya ce doguwa. Ayoyi uku na farko dalili suke bayarwa: marubucin yana cewa tun da hanyar shiga wurin Allah ta buɗe ta wurin Almasihu, tun da kuma akwai babban firist, to ga abin da ya kamata. Daga nan sai ya jero kira uku, kowanne da aikatau mai siga irin tamu ta “mu yi kaza”. Na aya ta 22 kira ne na kusantar Allah, kuma an ɗaura shi a kan bangaskiya. Na aya ta 23 kira ne na riƙe shaida gam, an ɗaura shi a kan bege. Na aya ta 24 kira ne na lura da juna, an ɗaura shi a kan ƙauna. Iyakar manyan aikatau ɗin ke nan. Aya ta 25 ba ta da nata. Abin da ke cikinta wasu kalmomi ne biyu da aka ƙera daga aikatau, waɗanda aikinsu bayyana yadda za a yi wancan lura da junan na aya ta 24, ɗaya ta fuskar hani, ɗaya ta fuskar yi.

Hausa ba ta da irin wannan siga daidai wa daida, amma tana da makwafinta a jimla kamar “ya shigo yana dariya”, inda shigowa ce babban aiki, dariya kuwa rakiya ta yi mata. Bari in ba da misali na cikin gida. Uwa za ta fita unguwa, sai ta ce wa 'yarta: “Ki lura da ƙaninki, ba tare da kin bar gidan ba, kina rarrashinsa in ya yi kuka.” Umurni ɗaya ne a nan, wato lura da yaron. Idan yarinyar ta tafi maƙwabta, ta ce ai tana tunaninsa a zuciya, ta saɓa. Idan kuma ta zauna a tsakar gida tana latsa waya, yaro yana tsala ihu a ɗaka, nan ma ta saɓa, ko da yake ba ta taka ƙofar gida ba. In uwar ta dawo yarinyar ta ce, “Ai kin ce kada in fita, ban kuwa fita ba,” kowa ya san abin da zai biyo baya. Yawancin masu jawo ayar nan irin karatun yarinyar nan suke yi mata.

Laifin ba na masu fassara ba ne kacokan. Tun daga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi ruwa ya yi tsaki a aikinsa, har zuwa fassarorin da suka biyo baya, mai fassara yana fuskantar matsala guda: kunnen Bahaushe ba ya ɗaukar jimla mai tsawon ayoyi bakwai. Dole a datsa ta gida-gida. To da zarar an datsa, abin da yake ɗan rakiya a asali sai ya miƙe ya zama umurni mai cin gashin kansa. An sami sauƙin karatu, an yi asarar igiyar da ta ɗaure sassan. 'Yan'uwanmu Musulmi sun san haɗarin irin wannan yanka, domin malamai sukan ba da misali da aya ta 43 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana kusantar salla a halin maye: wanda ya tsaya a tsakiyarta zai fito da akasin abin da ake nufi.

Taro, taruwa, majami'a, ikilisiya

Kalmar da aka yi amfani da ita wajen haɗuwar nan ita ce “efisunagoge”. Gaɓoɓi uku ne a cikinta: “efi” mai nuna a kan ko zuwa ga, da “sun” mai nufin tare, da saiwar “ago” mai nufin kawowa. In aka cire ɗafa-goshin farko, abin da ya rage shi ne “sunagoge”, sunan wurin ibadar Yahudawa, wanda ake fassarawa da majami'a. Saboda wannan kusanci wasu masu sharhi sun ɗauka ana maganar majami'ar Yahudawa ne. Amma marubucin ya liƙa mata wakilin suna mai nufin “ta kanmu”, wanda ya nuna haɗuwar masu bi ce tasu ta kansu. Sau biyu kacal kalmar ta fito a duk Sabon Alkawari, nan da kuma 2 Tasalonikawa 2:1. Aikatau ɗinta ya fi ta yawan fitowa. Shi ne a Matiyu 23:37, inda aka yi kwatance da kaza mai tattara 'yan tsakinta ƙarƙashin fikafikanta, shi ne kuma a Markus 1:33, inda mutanen gari suka yi cincirindo a ƙofar wani gida.

A nan Hausa ta fi harsuna da yawa wadata. Daga saiwa ɗaya muna da “tara” da “tattara” da “taru” da “taro” da “taruwa” da “matattara”. Waɗanda suka yi darasin giredin aikatau na Parsons za su tuna “taru” ɗan giredi na 7 ne, irin su “haɗu” da “gyaru”, inda abin yake aukuwa a kan mai aikin kansa. “Taruwa” sunan wannan aikin ne. “Taro” kuwa ya riga ya zama sunan sha'ani: ana kiran taro, ana buɗe taro, ana tashi daga taro, yana da shugaba da lokaci da jerin abubuwan da za a yi. “Matattara” wuri ne. A ganina “taruwa” ta fi kusa da kalmar Girkancin, domin “taro” yana sa mai karatu ya hango wani shiri da wasu suka tsara, shi kuma nasa halarta kawai. Sai dai ita ma “taruwa” ba ta kwashe duka ba, saboda kalmar asalin tana iya nufin aikin haɗuwa, tana kuma iya nufin mutanen da suka haɗu. In ma'ana ta biyu ce, to abin da ake gargaɗi a kai gudun mutane ne, ba rashin zuwa wani shiri kaɗai ba.

Yana da kyau a lura da abubuwan da ayar ba ta ambata ba. Babu sunan rana a cikinta, babu gini, babu shugaba, babu ma kalmar da ke nufin sujada. Haka kuma marubucin bai yi amfani da “eklesiya” a nan ba, wadda daga gare ta muka sami “ikilisiya” ko “ekklisiya” da ke cikin sunayen ɗariku irin su EYN da HEKAN da tarayyar TEKAN. Ita kanta “eklesiya” asalinta ba kalmar addini ba ce, sunan taron 'yan gari ne a biranen Girkawa. A Ayyukan Manzanni sura ta 19, da ita aka kira gungun masu tarzomar da maƙeran azurfa suka tayar a Afisa. “Majami'a” kuwa daga Larabci take, 'yar gida ɗaya da jama'a da jami'a da jam'iyya da Juma'a, duk ma'anar tarawa ce a gindinsu. “Coci” ita ce baƙuwar baya-bayan nan, daga Ingilishi, kuma ita ta fi jawo ruɗani, domin da ita muke kiran gini, da ita muke kiran ɗarika, da ita muke kiran hidimar Lahadi. Mutum ya ce “ya bar coci”, ba ka sani ba ko ya fito daga ginin ne, ko ya koma wata ɗarika, ko ya bar addinin ɗungurungum. Ko “sujada” ma abin nazari ce: a bakin Musulmi sa goshi a ƙasa ne, a bakin Kirista Bahaushe kuwa ta faɗaɗa ta rufe hidimar gaba ɗaya, da waƙa da addu'a da karatu da wa'azi.

Masu karatun farko ba su san ginin coci ba. A gidaje suke haɗuwa, kamar gidan Akila da Firiskila da aka ambata a Romawa 16:5, da gidan Filimon. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren taruwar Kirista da masu haƙar tarihi suka gano yana Dura-Yurofos a ƙasar Siriya, kuma shi ma gidan zama ne da aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu aka mayar da su zaure, wajen shekara ta 240. Zauren bai wuce ya ɗauki mutum 60 zuwa 70 ba. Haɗuwa ranar farko ta mako tsohuwar al'ada ce, tana cikin Ayyukan Manzanni 20:7, kuma Jastin Shahidi ya bayyana ta dalla-dalla wajen shekara ta 155. Amma Lahadi ba ta zama ranar hutu a daular Rum ba sai a 321, zamanin Sarki Kwanstantin. Kafin nan ranar aiki ce, sai dai a haɗu da asuba ko da dare. A zauren da bai fi cikin ajinmu ba, in mutum ɗaya bai zo ba kowa ya sani, kuma kowa ya san dalili.

Bari, fasa, daina, yashe

Kalmar hanin ita ce “enkatalaifo”, kuma tana da nauyi ƙwarai. Ita ce a kukan Yesu a kan gicciye a Markus 15:34. Ita ce a 2 Timoti 4:10, inda Bulus yake kukan Dimas ya gudu ya bar shi, da aya ta 16, inda ya ce ba wanda ya tsaya masa ranar da aka fara gurfanar da shi. Shi kansa marubucin Ibraniyawa ya sake amfani da ita a 13:5, wajen alkawarin Allah na cewa ba zai rabu da nasa ba. A waɗannan wurare duka ana maganar barin wani ne a lokacin da yake bukatarka.

To wace kalmar Hausa ce ta dace? “Fasa” na nufin an yi niyya an janye, sau ɗaya ma ya isa: na fasa zuwa kasuwa. “Daina” na nufin yanke abin da aka saba. “Bari” tana da faɗi, tana ɗaukar duka biyun har da wasu, shi ya sa ta fi sauƙi a bakin mai fassara, shi ya sa kuma ta fi saurin ɓatar da mai karatu. Masu nauyin kalmar asali su ne “yashe” da “yi watsi da” da “ƙaurace wa”. Ba a cewa majinyacin da ke kwance a asibiti ya yashe 'yan'uwansa. Ba a faɗin haka ga ma'aikaciyar jinya da aikin Lahadi ya faɗo a kanta, ko ɗalibin da ya tafi wani gari rubuta jarrabawa. Marubucin ma ya ƙara da kalmar “etos”, wato al'ada ko sabo, don a gane ba fashin mako ɗaya yake nufi ba.

Me ya sa wasu suka janye?

Wasiƙar ba ta ɗauke da sunan marubucinta. An daɗe ana danganta ta ga Bulus, Tatuliyan ya ce Barnaba ne, Martin Luther ya kawo sunan Afolos, shi kuwa Orijin na Iskandariya tun a ƙarni na 3 ya bar wa Allah sanin wanda ya rubuta. Galibin masana suna sa rubuta ta tsakanin shekara ta 60 da ta 95, domin wasiƙar Kilemen na Rum, ta wajen shekara ta 96, ta riga ta ɗebo daga cikinta. Gaisuwar mutanen Italiya da ke 13:24 ta sa da yawa suna ganin Kiristocin birnin Rum aka rubuta wa.

Halin da masu karatun suke ciki kuwa wasiƙar da kanta ta faɗa. A 10:32-34 an tuna musu kwanakin baya, lokacin da aka tozarta su a bainar jama'a, aka ƙwace dukiyarsu, aka ɗaure wasunsu, sauran kuma suka tsaya wa ɗaurarrun. A 12:4 an ce abin bai kai ga zubar da jini ba tukuna. Tarihi ya san korar Yahudawa daga Rum da Sarki Kalaudiyas ya yi wajen shekara ta 49, wadda ta fitar da Akila da matarsa, ya kuma san kisan da Nero ya yi wa Kirista bayan gobarar shekara ta 64. Addinin Yahudanci tsoho ne, hukuma ta san da zamansa, ta ƙyale shi. Sabuwar ƙungiyar masu bin Almasihu ba ta da wannan rigar kariya. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Bitiniya a arewacin Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kiristocin da ya tuhuma sukan haɗu a wata rana ƙayyadadda kafin gari ya waye, su sake haɗuwa don cin abinci, kuma sun ce sun bar wannan bayan dokarsa ta hana ƙungiyoyi. Wato a ganka kana shiga gidan da ake taruwa ya isa ya jawo maka tuhuma. Ban da tsoro akwai kuma gajiya da sanyin jiki, domin a sura ta 5 marubucin ya zarge su da nauyin kunne, ya ce har yanzu madara suke sha alhali ya kamata a ce su ne masu koyarwa.

Mu a ƙasar nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. An kai hari cocin Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, an kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a watan Afrilu na 2012, an kai babban masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamba na 2014, an kai cocin Owo a watan Yuni na 2022. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram sun mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci, membobinta suka warwatsu, suka riƙa haɗuwa a sansanonin gudun hijira da azuzuwan makarantu da gindin itatuwa. Waɗannan sun rasa gini, amma ba wanda zai ce sun saɓa wa ayar. Ni a ganina sun fi mu kusa da halin da masu karatun farko suka karanta ta a ciki.

Zuga da rarrashi

Abin da ya fi jan hankalina a duk jimlar shi ne kalmar da marubucin ya sa kishiyar yashewa. Da halarta ce damuwarsa, da sai ya ce kada a ƙaurace, a riƙa zuwa. Bai faɗi haka ba. Kishiyar da ya kawo ita ce “farakaleyo”, kalma mai faɗin ma'ana: tana ɗaukar roƙo da gargaɗi da ta'aziyya da rarrashi da ƙarfafa zuciya. Asalinta kiran mutum ya zo kusa da kai, kuma daga saiwarta aka sami laƙabin Mai Taimako da ke cikin Bisharar Yahaya. Babu kalmar Hausa guda da ta haɗa ta'aziyya da gargaɗi, don haka duk wadda mai fassara ya zaɓa ya ajiye rabi. A Girkancin ayar ma ba a sa mata karɓau ba, masu fassara ne suke ƙara “juna”, kuma suna da hujja, domin a 3:13 marubucin ya yi amfani da aikatau ɗin tare da wakilin suna mai wannan ma'ana, ya kuma ce kowace rana za a riƙa yi. Wato aikin na kowa ne a kan kowa, ba na mutum ɗaya a kan mumbari ba, ba kuma na mako-mako ba.

A aya ta 24 kuma akwai “faroksusmos”, wadda ita ma sau biyu ta fito a Sabon Alkawari. Ɗaya wurin shi ne Ayyukan Manzanni 15:39, inda Bulus da Barnaba suka yi saɓani mai zafi a kan Yahaya Markus har suka raba hanya. Kalmar faɗa ce, ta tsokana da harzuƙa, marubucin ya ɗauko ta da gangan ya haɗa da ƙauna da ayyukan kirki. Hausa tana da 'yan'uwanta: tunzura, ingiza, iza, zuga. Yawancinsu sun fi karkata ga sharri, kamar yadda muke cewa ingiza mai kantu ruwa. Ni dai “zuga” na fi so, saboda tana tuna mini maƙera: garwashi yana nan da wutarsa, amma sai yaron maƙeri ya kama zugazugi kafin ƙarfe ya yi ja. Mai fassarar da ya tausasa kalmar ya mayar da ita “taimaka” ko “ƙarfafa” kawai ya zare mata ƙaya.

In aka auna da wannan, ƙungiyoyi irin su Zumuntar Mata, waɗanda suke sanin wadda ta haihu da wadda aka yi wa rasuwa da wadda mijinta ya rasa aiki, su kai mata ziyara da ɗan abin hannu, suna aikata jimlar fiye da mutumin da ke cika kujera a babban ɗaki mai ɗaukar dubbai, ya shiga bai san na kusa da shi ba, ya fita ba wanda ya san sunansa.

Ayoyi biyu da ake jawowa

Akwai masu haɗa aya ta 25 da ta 26, wadda take gargaɗi mai tsanani a kan ci gaba da zunubi da gangan bayan sanin gaskiya, su ce wanda ya yi fashin coci ya faɗa ciki. Gaskiya ne akwai mahaɗi mai nufin “gama” tsakanin ayoyin, saboda haka ba a raba su. Amma aya ta 29 ta fayyace irin zunubin: raina Ɗan Allah da tozarta jinin alkawari, wato fita daga bangaskiya da ido buɗe. Marubucin yana ganin janyewa daga 'yan'uwa a matsayin hanyar da take kaiwa can. Bai ce ita ce can ɗin ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai Matiyu 18:20, mai maganar mutum biyu ko uku da suka haɗu da sunan Almasihu. Da ita ake yi wa kai ta'aziyya in mutane ba su zo addu'a ba, da ita kuma mai ƙin zuwa yake kāre kansa, ya ce shi da iyalinsa sun isa. In aka koma aya ta 15 za a ga zancen sulhu ne da ɗan'uwan da ya yi laifi: a same shi a keɓe, in ya ƙi a tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. Adadin biyu ko uku daga dokar shaidu ya fito, ta Maimaitawar Shari'a 19:15. Ayar ba ta zo don ƙayyade mafi ƙarancin masu sujada ba.

Shekarar 2020

A ƙarshen watan Maris na 2020 gwamnatin tarayya ta sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja, jihohi da dama kuma suka hana taruwa a coci da masallaci. Wasu shugabannin coci sun ɗaga ayar nan suka ce umurnin Allah ya fi na hukuma. Wasu suka koma rediyo da talabijin da Facebook. Bisa abin da ya gabata, ban ga yadda za a kira rufewar wucin gadi don kare ran maƙwabci da sunan yashewa ba, tun da babban aikatau na jimlar lura da juna ne. Inda matsalar take shi ne bayan an buɗe, lokacin da wasu suka ga kallo daga kan gado ya fi daɗi suka zarce da shi. Mai kallon wa'azi a waya yana karɓa ne kawai. Ba ya zuga kowa, ba wanda yake zuga shi, kuma in ya ɓace ba wanda zai lura. Amma tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita, wadda take kiran matan unguwarsu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar lafiyarsu, su kuma suna zuwa gaishe ta bayan an tashi, ban san da wane nahawu za a fitar da ita daga cikin ayar ba.

Ranar

Jimlar ta ƙare da ambaton wata rana mai matsowa, kuma a Girkanci “ranar” kawai aka ce, ba a jingina ta da kome ba. Wasu masu sharhi sun ce rushewar Urushalima da Haikalinta ake nufi, wadda ta auku a shekara ta 70. Mafi yawa sun tafi a kan ranar komowar Almasihu da shari'a, kuma aya ta 27 da ta 37 suna goyon bayansu. Akwai kuma wata alama a cikin kalmar taruwar kanta, domin a ɗaya wurin da ta fito, 2 Tasalonikawa 2:1, tana nufin tattaruwar masu bi zuwa wurin Almasihu a ranar zuwansa. A Hausa in ka ce “ranar” ka yi shiru, mai sauraro zai tambaye ka, “Wace rana?” Shi ya sa mai fassara yake tsakanin abu biyu: ko ya ƙara “nan” ya bar ta a dunƙule yadda marubucin ya bar ta, ko ya ƙara “Ubangiji” ya yanke wa mai karatu hukuncin da masu sharhi suka daɗe suna muhawara a kai. Da ni aka ba aikin, “nan” zan sa, in kai sauran bayanin ƙasan shafi.